Bakin Aro

A unguwarmu ta Ƙofar Taramniya akwai mai ba da aron tsani, akwai mai ba da aron tukunyar biki, ni kuwa baki nake bayarwa aro. Idan matar mutum ta yi yaji, ko wani ya ɓata wa surukinsa rai, ko maƙwabta sun kusa cin kwalar juna a kan magudanar ruwa, sai ka ji sallama a zaurena. Ba a biyana. In an ga dama a kawo goro, in ba a ga dama ba a ce Allah ya saka da alheri. Wani ma da zarar buƙatarsa ta biya ba na sake ganinsa sai mun haɗu a jana'iza. Ban taɓa damuwa ba, domin ina son aikin, kuma ba zan yi muku kawaicin ƙarya ba, na iya shi.

Wurin Baffana na koya, ƙanin mahaifina. Lokacin ina sabon malamin firamare, ina ji da kaina saboda na karanta ɗan abin da na karanta na ilimin balaga, wato fasahar magana, a zaure, kuma na taɓa kayar da 'yan ajinmu a muhawara. Baffa ya fara jana rakiya da sharaɗi ɗaya, in riƙe masa buta in kuma riƙe bakina.

Biko na farko da na gani a Ƙofar Kware ne, gidan wani dattijo mai sayar da fata. Mijin 'yarsa ya yi mata baƙar magana a gaban mutane, ta dawo gida, dattijon kuma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta komawa. Muka shiga, Baffa ya kama gaisuwa. Ya gaida gida, ya gaida iyali, ya gaida kasuwa, ya gaida zafi, ya tambayi ciwon gwiwar dattijon da wanda ya ba shi magani. Ni ina gefe ina ta mutsu-mutsu, ina cewa a raina tsohon nan ya manta abin da ya kawo mu. Da gaisuwar ta ƙare kuma sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Shirun ne ya ishi mai gida ya fashe. Ya zazzage laifin surukinsa tun daga na ranar ɗaurin aure, Baffa yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiyakka ta, Alhaji. Ai ka ma rage."

Sai da mutumin ya gaji don kansa, ya nemi ruwa ya sha, sannan Baffa ya gyara zama.

"Alhaji, mu ba biko munka zo ba," in ji shi. "Wa ad da idon yin biko bayan wanga abin kunya? Ƙarar ɗanka munka kawo maka. Ubanai ya rasu, ba shi da wani uba in ba kai ba. Ka kira shi ka hukunta shi yadda kag ga dama, mu namu shaida."

Dattijo ya shafa gemu. Can ya ce ai yaro ne, ƙuruciya ce, a je a kira masa shi. Kafin magariba shi da kansa yake ɗaga murya a ƙofar cikin gida yana cewa yarinya ta haɗa kayanta, gidan miji ba wurin wasa ba ne.

A hanyar komawa na tambayi Baffa me ya sa bai kare yaron ko da kalma ɗaya ba. Ya ce tulun da ke cike ba ya ɗaukar ruwa, sai ka bari ya zubar tukuna. Ya ce gaisuwar da nake gani ɓata lokaci, da ita yake auna mutum, ya ji inda yake da taushi da inda yake da ƙaya. Sannan ya tsaya a bakin titi ya dube ni.

"Mutum ba ya komawa ta ƙohwar da yah hito da hushi," ya ce. "Sai ka huda mai wata wadda za shi bi da girmanai. Kuma kada ka yanke mai magana. Bari shi ji ta cikin bakinai, shi ɗauka tashi ta."

Na ce to, ina amfanin balagar da na karanta? Ya yi dariya ya ce littafi ya koya mini yadda magana ke yin kyau, shi kuwa wanda ke saurare yake dubawa.

Sauran na tsinta da kaina bayan Baffa ya rasu, zauren ya dawo hannuna. Na gane ba a zuwa wa mai jin yunwa da roƙo, ko ɗan kasuwar da ya wuni bai yi ciniki ba. Na gane magana ɗaya tak, in wane ya faɗe ta a karɓa, in wane ya faɗe ta a kore shi da sanda, saboda haka kafin ka shirya abin da za a ce, fara neman wanda ya dace ya ce. Ƙarya kuwa ban taɓa shiga gidan kowa da ita ba, don ranar da aka kama ka da ita, ranar bakinka ya daina aruwa. Abin da nake yi shi ne in zaɓi gaskiyar da zan sa a gaba, sauran in bar su a ciki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mutum ɗaya ne a Sakkwato ban taɓa gwada bakina a kansa ba, shi ne ɗana na fari. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunansa ba, ballantana sunan mahaifina aka sa masa, abin ya zama biyu. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri, ban zauna hira da shi ba da ya girma. Mahaifiyarsa ta ma fi ni, in ya shigo ɗaki ita fita take yi. Yayata ce ta raine shi, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, kuma ita ce bakinmu. In ina son ya san wani abu, ita nake gaya wa. In yana son kuɗin makaranta ko izinin tafiya, ta wurinta zai biyo. Takan tsokane ni ta ce, "Kai da ka lallashin gari, ɗanka guda ya gagare ka." Nakan ce wanzami ba ya son jarfa, ta ƙyale ni.

Yaran yanzu suna cewa wannan al'ada rashin ƙauna ce. Su suka sani. Ni dai na san sau nawa na tsaya a bayan ƙyaure ina kallonsa yana koyon tafiya a tsakar gida.

Mai ɗakina ta riga mu gidan gaskiya, damina ta zagayo Yaya ta bi ta. 'Yan matana biyu suna gidajen mazajensu. Aka bar ni a gidan da shi da matarsa da 'ya'yansu biyu, babu mai kai magana tsakaninmu. Sai muka ƙirƙiro dabara ba tare da mun yi shawara ba. Ni in tsaya a tsakar gida in gaya wa iska, "Ruhin ɗakin baya na yoyo, ko masu gidan ga sun sani?" Washegari in ji ana buga kwano. Shi kuma kullum da safe ya tsuguna a bakin zaure ya gaishe ni, kansa a ƙasa, in ya tashi in tarar da ƙosai ko maganin hawan jinina a gefen tabarma. Ya karanta injiniya, amma aiki ya ƙi samuwa, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashinta ba ya kai tsakiyar wata. Bai taɓa kuka da wannan ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Labarin ya zo mini ta bakin babbar jikata, wadda nake kira amarya. Ba ta wuce shekara shida ba lokacin, kuma ba ta san ana ɓoye magana ba. Ta zauna a cinyata tana wasa da carbina ta ce, "Tsoho, za mu tahi garin da aka ruwa kullum. Abba ya samu aiki. Kai ma za ka?"

Tsoro ya kama ni. Ba tsoron hanya ba, ba tsoron baƙon gari ba, tsoron zama ni kaɗai a gidan nan. Na ƙara tambayarta, na gane Fatakwal ne garin. Daga ranar na shiga shirya magana kamar yadda nake shirya ta wa mutane, ina tafiya masallaci ina jera hujja ina dawowa ina gyara ta. Fatakwal da nisa. Haya da abinci za su cinye albashin. Yara za su tashi ba karatun allo, ba dangi, ba Hausa mai kyau. In ciwo ya kama wani da dare wa za a buga wa ƙofa? Duk gaskiya ne, kuma duk na juya su ta yadda amfaninsa ne a gaba, ba nawa ba. Wanda zai ɗauki saƙon ma na zaɓe shi, kawunsa, ƙanin marigayiya mai ɗakina, wanda ke da shagon atamfa a kasuwa. Yaron yana jin maganarsa.

Ban kai ga aika masa ba sai ga shi ya zo da kansa, wata ranar bazara da hantsi, zafi ya hana ko kaji motsi. Tsakanina da shi akwai wasa tun yana ɗan makaranta.

"Tsoho mai ran ƙarhe, har yanzu kana nan?" ya ce.

"Ina nan sai na ga bayan atamhwar da kaka cutar mutane da ita," na ce.

Muka gaisa, na yi shiru don ya fara, kamar yadda na saba.

"Yaron ga ya aiko ni," ya ce. "Ya samu aiki Hwatakwal, aiki na gaske, irin wanda yak karanta. Amma ya ce in hwaɗa maka ka kwantar da hankalinka, ba shi zuwa. Za shi buga musu waya shi ce su ba wani."

"Don mi?"

"Kai ma ka sani."

Daɗi ya rufe ni, har na ji kamar in tashi in rungume mutumin. Na ci nasara ban buɗe baki ba. Amma sabo ya hana ni magana, na ci gaba da shiruna, shiru kuwa yana jawo abin da tambaya ba ta jawowa. Kawun ya yi ta juya hularsa a hannu, can ya ce, "Ka san inda shika zuwa in an tashi makaranta?"

Na ce darasi yake ba 'ya'yan mutane a gidajensu.

"Kabu-kabu shika yi da babur," ya ce. "Can wajen tasha, nesa da unguwag ga. Shina naɗe huska da rawani don kada wani shi gane shi shi kawo maka labari. Da shi aka sayen maganinka. Ya roƙe ni kada in hwaɗa maka, ni kau na gaji da riƙon ta."

Da yammacin ranar na zauna inda zan ga shigowarsa. Ya kashe babur tun daga bakin lungu ya turo shi da hannu. Rigarsa ta manne da bayansa don gumi, idanunsa sun yi ja, ga bakin rawani yana leƙowa daga ƙarƙashin kujerar babur ɗin. Ya tsuguna ya gaishe ni, na amsa. Furfura na gani a gefen kansa, abin da ban lura da shi ba sai ranar.

Na kwana biyu ina faɗa da kaina, kuma ba zan ce na yi faɗan da kyakkyawar zuciya ba. Wani ɓangare nawa yana cewa ai shi ya zaɓa, ba ka roƙe shi ba, yi shiru ka ci arzikinka. Amma na shiga gidaje da yawa, na ga yadda mutum ke komawa in ya binne abin da yake so saboda iyayensa. Ba ya fushi, ba ya magana, sai dai ya bushe a tsaye. Na san dole ya tafi, na kuma san babu ɗan aiken da zai iya sa shi. In kawunsa ya ce masa na yarda, zai ce kara nake yi. Sai ya ji daga bakina, ni kuma bakina ba ya zuwa wurinsa kai tsaye.

Na sa aka kira su su biyu bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma kowa ya ci abinci. Kawun ya zauna a gabana, shi kuma ya rakuɓe a bakin ƙofa. Na fuskanci kawun, na gaishe shi gaisuwa mai tsawo kamar mun shekara ba mu haɗu ba, har sai da na ji numfashin na bakin ƙofa ya daidaita. Sannan na ce, "An ce wani ya samu aiki ya ce ba shi zuwa. Tambaye shi dalili in ji."

Ya fara magana yana kallon tabarma, yana kiran Kawu. Ya ce garin da nisa. Ya ce haya da abinci za su cinye albashin. Ya ce yara za su tashi ba karatun allo, ba dangi. Hujjojina ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar ya shiga cikina ya kwaso su. Ni kaɗai ne bai ambata ba. Kowacce ya faɗa sai in gyaɗa kai in ce wa kawun, "Gaskiyatai ta." Na bar shi ya zubar har ya rasa ta cewa.

"To, ni ma ina da ƙara," na ce wa kawun. "Tun ina da baƙin gashi nika shiga gidajen mutane ina hana su tauye ɗiyansu. Gobe a ce wane ya ɗaure ɗanai ga ƙahwar gado don shi riƙa kawo mai ƙosai. Da wane baki zan koma zauren wani? Ko so aka a kunyata ni da tsuhwana?"

Na ji na bakin ƙofa ya motsa. Na ci gaba, na ce ƙanwarsa tana Ƙofar Kware, tafiyar ƙafa ce. Na ce masallaci ga shi a bakin ƙofa, maƙwabta kuma tare muka tsufa. Na ce lafiyata lau in ban da hawan jinin da kowane tsoho ke fama da shi. Duk cikinsu babu ƙarya. Kawun yana kallona, ya san gaskiyar da na bari a ciki, amma ya riƙe bakinsa. Maganar kabu-kabu kuwa ko kusa da ita ban je ba, don in ya san na sani, kunya za ta hana shi jin sauran.

"Kuma ka gane min wani abu," na ce. "Ba tahiya za shi yi shi bar ni ba. Ni ka aiken shi. Gidan ga na son gyara, ɗiyan ga na son karatu, ni kau ƙarhina ya ƙare. Kowane uba na aiken ɗanai kasuwa, ni tawa kasuwar ta yi nisa, shi ke nan. In kau ya ƙi aike, to shi hwaɗi da bakinai in ji."

Na bakin ƙofa ya gyara zama. Can ya ce, "Duk abin da Baba yac ce."

Ban karɓa ba. Wannan maganata ce a bakinsa, ba tasa ba, kuma in ya tafi da ita zai dawo kafin shekara. Na ɗauki carbina na yi ta ja. Kawun ya buɗe baki zai taimaka, na harare shi ya rufe.

"Kawu," ɗan nawa ya ce. "Ina son aikin. Zan tahi."

Na ce Allah ya yi albarka, ya tashi ya shiga cikin gida da sauri. Kawun ya share ido da hannun riga ya ce ni mugun mutum ne. Ya ce to in bi su mana, ai an ce akwai ɗaki. Na ce in bar kabarin yayarsa da na iyayena in je in mutu cikin ruwan sama? Ya ce Allah ya shirye ni, ya sa takalmansa. A duk bikon da na yi da sulhun da na ƙulla, ban taɓa yin magana mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa fita daga wata magana da baƙin ciki irin nata ba.

Ranar tafiya ban raka su tasha ba, ba a yi. Ya tsuguna a bakin zaure ya yi sallama, ni kuma na kama hannun amarya na ce ta gaya wa direbansu ya yi a hankali.

Ban san gida yana da faɗi haka ba sai da suka tafi. 'Yata ta Ƙofar Kware tana aiko abinci, tana zuwa in ta samu sarari, amma tana da miji da 'ya'ya da nata ciwon kan. Maƙwabtan da muka tsufa tare, wasu sun kwanta dama, wasu kunne ya tafi, sai ka yi ta ihu kafin a amsa maka gaisuwa. Masu aron baki ma sun ja baya. Yanzu mutum ya ɓata wa surukinsa rai sai ya tura masa saƙon murya a waya, ya ƙara ɓata abin, sannan su bar shi haka. Nakan shimfiɗa tabarmar baƙi da safe in naɗe ta da yamma ba wanda ya taka. Wata rana da damina na tsaya a tsakar gida na ce ruwa na shiga ɗakin baya, sai da na rufe baki na tuna babu mai ji. Kuɗin gyara kam yana zuwa kowane wata ba fashi, an yi rufi sabo, an shafe bango da siminti.

Duk Juma'a bayan an sauko yakan kira. Ya gaishe ni, in amsa, ya ce ga yara, ya miƙa wa amarya. Na san a buɗe yake barin wayar, yana gefe yana ji, saboda haka kowace Juma'a sai na sake cin nasarar da na ci a zaure. Tun daga Alhamis nake tanadin labari. In ba ta labarin akuyar maƙwabci da ta shiga masallaci, da wanda ya yi aure, da wanda na yi wa faɗa. In ɗaga murya, in yi dariya, in ce ta yi sauri ta gama don ina da abin yi. Ita kuma ta ce mini ta yi sabon miji a can, mai mota, ba tsoho irina ba.

Wata Juma'a ina tsakiyar ba ta labari sai ta katse ni.

"Tsoho, da wa kac ci abinci yau?"

Babba ba zai yi mini irin wannan tambaya ba, ya san a zagaya ake zuwa. Na duba ko akwai wata gaskiyar da zan sa a gaba, ban samu ba. Kwanon yana gabana, cokali ɗaya a ciki.

"Ni ɗai," na ce.

"Jiya hwa?"

"Jiya ma."

Na ji motsi, na ji an karɓi wayar daga hannunta, hayaniyar ɗakin ta yi nisa kamar an fita waje. Sai numfashinsa a kunnena.

"Baba," ya ce.

"Na'am," na ce.

Na jira, shi ma ya jira. Ina jin ruwan garinsu yana sauka a kan kwano. Bai ce zai dawo ba, ni ma ban ce ya dawo ba. Muka riƙe wayar haka, shi can ni nan, ba wanda ya ajiye, har katinsa ya ƙare.